Sabuwar Sana'a A Damagaram: Mai Ba Da Shawara Kan Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

A ƙauyukan Mirya, Magarya, Matamai, Tanut da Gure akwai wata tambaya da ke damun iyaye a ƴan shekarun nan. Yaro ya gama lise a birnin Zinder, ya ci Bak, ya dawo gida. Uba ya tambaye shi aikin da yake so. Yaro ya ce zai karanta anformatik, in ya gama ya zama konsiltan.

Uba ya yi shiru. Ya san likita. Ya san mushen lakwal, ya san malamin gona, ya san jandarma. Konsiltan kuwa bai taɓa ganin sa ba. Ga shi kuma an ce karatun yana son kuɗi. Wataƙila sai an kai sa kasuwar Bakin Birji, ko a buɗe rumbu tun bazara ba ta yi ba. Mutum ba ya sayar da san noma a kan abin da bai gane ba. Saboda haka ga bayanin wannan sana'a, daɗinta da wuyarta.

Mece ce na'urar?

Na'ura mai ƙwaƙwalwa ita ce kwamfuta. A biro ana ce mata ordinater. Aikinta uku ne: tana ajiye rubutu, tana yin lissafi da sauri, tana aika saƙo nesa. Ba ta da hankalin kanta. Abin da aka zuba mata shi take riƙewa. In an zuba mata ƙarya, ƙarya za ta mayar, kuma da sauri. Ilmin sarrafa ta shi ake kira anformatik.

Duk wanda ke da babbar salula, irin wadda ake shafawa da yatsa, yana da ƙaramar kwamfuta a aljihu. Wanda ya taɓa karɓar kuɗi ta Nita ko Al Izza daga ɗansa da ke Agadas ko Yamai, kwamfuta ce ta riƙe lissafin. Ke nan ba baƙuwa ba ce. Ta daɗe da shigowa gari.

Mutum uku, kada a haɗa su

Mutum uku ne ke ci da wannan na'ura, kuma jama'a na yawan ruɗa su.

Na farko mai sayarwa. Yana da shago, burinsa kaya su fita. Na biyu mai gyara. Shi ne wanda ake gani a kewayen kasuwar Dole da ƙaramin tebur da ƴan ƙarafa. Na'ura ta mutu, ya buɗe ta, ya tashe ta. Sana'a ce mai kyau, tana ciyar da gida.

Na uku shi ne konsiltan, wato mai ba da shawara. Shi ba ya sayar da na'ura, kuma ba gyara ne babban aikinsa ba. Saninsa yake sayarwa. Ana kiran sa ya duba matsala, ya faɗi abin da ya kamata a yi, ya tsaya har a yi, a biya shi, ya wuce wani wuri.

Tsofaffin unguwar Zango za su gane shi nan da nan. Zamanin fatauci, lokacin da ayari ke tashi daga Zinder zuwa Kano ko Agadas, kowane ayari yana da jagaba. Jagaba ya san hanya, ya san inda rijiya take, ya san inda ƴan fashi ke tsare mutane. Kayan ba nasa ba ne, raƙuman ba nasa ba ne. Amma in ya yi kuskure, ayari duka ya shiga uku. Konsiltan jagaba ne a hanyar na'ura.

Yadda aikin yake

A ɗauki misali. A ce ƙungiyar manoma ce a wani ƙauye na ƙasar Mirya, mutum 120, maza da mata. Suna da bankin hatsi. Da kaka kowa ya kawo gero ko wake a ajiye a magaza, ya karɓi bashi, in farashi ya tashi a sayar a biya. Wannan shi ne warantaj, manoma da yawa sun san shi. To amma kowace shekara sai an yi rigima. Wannan ya ce tiya 40 ya kawo, littafi ya nuna 30. Wata ta ce ta biya bashinta, sunanta bai fita ba. Littafi ɗaya ne, gara ta ci bayansa, sakatare kuma ya tafi cin rani Libiya da sauran lissafin a kansa.

Sai wani ya ce: a sayi kwamfuta, rigima ta ƙare. Mai sayarwa zai ce haka ne, ya kawo mai tsada. Mai ba da shawara na kirki ba zai fara da maganar saye ba. Zai zo ƙauyen da kansa. Zai zauna a tabarma, ya yi tambaya kamar likita. Wa ke rubutu? Da wane harshe? Mutum nawa suka iya karatu? Akwai wutar lantarki? In babu, ina ake cajin salula, kuma nawa ake biya? Rezo yana kamawa cikin gari, ko sai an hau tudu? In mai riƙe da na'urar ya yi tafiya, wa zai karɓa?

Bayan ya ji, sai ya rubuta shawararsa. Mai yiwuwa ya ce babbar kwamfuta ba ta dace da su ba. Salula ɗaya mai kyau ta isa, da ƙaramin faranti mai ɗaukar hasken rana da batir. Ya tsara musu jadawali cikin salular: suna, ranar kawowa, yawan tiya, bashin da aka karɓa, abin da aka biya. Ya koya wa mutum uku, ba mutum ɗaya ba, kuma a cikinsu a sa mace. Ya ce kowane mai ajiya a ba shi ƴar takarda a hannu. Ya ce kada a jefar da littafi, a ci gaba da rubutawa a ciki, domin salula tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta. Ya nuna musu yadda za su aje kwafin lissafin a wuri na biyu duk ƙarshen wata.

Wani lokaci ma shawarar ita ce kada a sayi komi. In matsalar ƙungiya rashin gaskiyar ma'aji ce, babu na'urar da ke gyara wannan. Mai ba da shawara da zai iya faɗa wa mutane haka, alhali ya san kuɗinsa zai ragu, shi ne wanda za a sake kira badi.

Irin wannan aikin ne yake yi wa ma'aikatar magajin gari mai son tsara takardun haihuwa, da gidan likita mai son sanin yawan maganin da ya rage, da ɗan kasuwa mai shago uku da ba ya iya tsayawa a duka, da ƙungiyoyin agaji masu ƙidayar mutanen da za a raba wa cimaka. Makiyaya ma suna da rabo. Lissafin allurar rigakafin dabbobi, da taswirar burtali da rijiyoyi, duk yanzu cikin na'ura ake tsara su.

Ta yaya aka zo nan?

Salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Kamfanin Celtel yana cikin na farko, shi ne ya koma Zain, daga baya ya koma Airtel a 2010. Kafin nan, ɗan kasuwar Zinder da ke son sanin farashin gero a Tanut sai ya hau mota ko ya aika yaro. Wata masaniya ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda salula ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Masu karatun yaƙi da jahilci suna da nasu labarin a nan. A 2009 ƙungiyar Catholic Relief Services ta soma wani shiri mai suna ABC a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Zinder. Duk ƙauyukan an yi karatun manya. Amma a wasunsu an ƙara da koya wa ɗalibai rubuta saƙo a ƙaramar salula. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi salula sun fi sauran a rubutu da lissafi. Dalili a fili yake: wanda ke aika saƙo kullum ba ya mance baƙaƙe.

Akwai kuma Abdou Maman Kané, ɗan Nijar, masanin anformatik. Ya dubi wahalar masu lambu da ke kwana suna jan ruwa. Ya ƙirƙiro wata dabara: famfo mai aiki da hasken rana, wanda mai lambu ke kunnawa da kashewa ta salula, ko yana kasuwa. A 2011 ya ci kyautar kamfanin Orange. A 2015 aka ba shi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu a birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Kayan suna da tsada ga ƙaramin manomi shi kaɗai, wannan gaskiya ne. Amma abin lura shi ne inda ya faro. Daga bakin rijiya ya faro, ba daga biro ba.

Gwamnati ma ta shiga. A 2017 aka kafa hukumar ANSI mai kula da yaɗa wannan fasaha. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin kai rezo ƙauyuka. Cikin babban aikin shimfiɗa igiyar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, akwai reshen Zinder zuwa Magarya har iyakar Najeriya. A 2025 kamfanin Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan Adam, ya soma aiki a ƙasar. Duk inda waɗannan kaya suka isa, ana bukatar wanda zai ce ga yadda za a yi da su.

Hanyar karatu

Hanyar tana da tsawo, gara uba ya sani tun yau. Shekara 6 a firamare, 4 a kolej har BEPC, 3 a lise har Bak. Yaron da ya bi sashen C ko D, inda lissafi ya fi yawa, ya fi samun sauƙi. Bayan Bak akwai gajeren karatu na shekara 2, wato BTS ko DUT, akwai lisans na shekara 3, mai son ƙari ya yi masta shekara 2.

A Zinder akwai jami'a tun 2010. Yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan Damagaram, masanin tarihi da ya rubuta littafi a kan sarautar Damagaram, ya rasu a 2022. Tana da sashen kimiyya. Jami'ar Doso, da aka kafa a 2014, an keɓe ta ne don fasahar sadarwa. A Yamai akwai Jami'ar Abdu Mumuni, da makarantar EMIG, da reshen IAI, makarantar anformatik ta ƙasashen Afirka da aka kafa a 1971, mai cibiya a Libreville ta Gabon. A Dakar akwai ESMT tun 1981. Akwai kuma makarantun kuɗi masu zaman kansu. A cikinsu akwai na ƙwarai, akwai waɗanda allo da alli kawai gare su. Makarantar anformatik da ɗalibai 50 ke layi a kan kwamfuta ɗaya, kamar koyon noma ne ba fartanya. Kafin a biya ko dala, a tabbata gwamnati ta yarda da takardar da makarantar ke bayarwa.

Faransanci dole ne. Ingilishi ma sai an taɓa, don yawancin littattafan wannan ilmi da shi aka rubuta. A nan ƴan Magarya da Matamai masu zirga-zirga Kano da Daura sun ɗan fi wasu.

Amma ga abin da yara ba sa son ji. Babu wanda ke fita daga makaranta yau ya zama mai ba da shawara gobe. Wa zai biya kuɗi ya ji shawarar wanda bai taɓa yin aikin ba? Sai yaro ya yi shekaru a ƙarƙashin wani: a kamfanin waya, a banki, a wata ma'aikata, ko a ƙungiyar agaji. Ya ja igiya a rana, ya ɓata abu a yi masa faɗa, ya gyara. Kamar ɗan maƙera ne, sai ya daɗe yana zuga kafin a ba shi masaba. Kuma karatun ba ya ƙarewa, domin na'urar bara ba ita ce ta bana ba.

Wuyar sana'ar

Babbar wuya ita ce babu albashin ƙarshen wata. Ma'aikacin gwamnati ya san ranar da zai karɓa. Mai ba da shawara yana iya samun aiki mai tsoka a wata ɗaya, ya yi wata uku yana zaune. Rayuwarsa ta fi kama da ta manomi: akwai kaka, akwai bazara. Wanda bai iya rumbu ba zai sha wuya. Wani lokaci ma ya gama aiki, biya ya yi wata da watanni bai fito ba.

Ta biyu, manyan ayyuka a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga Zinder. Tun da aka ɗauke babban birni daga Zinder a 1926, can manyan ma'aikatu suke. Shi ya sa yara da yawa in sun tafi karatu ba sa dawowa. Wanda ya zauna gida sai ya haɗa ƙananan ayyuka: shawara yau, koyarwa gobe, girka na'ura jibi.

Ta uku wuta. Na'ura ba ta aiki sai da lantarki. Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, ba a maido ta ba sai farkon 2024. A lokacin nan ƙungiyoyin waje da dama sun dakatar da ayyukansu, masu ci daga gare su suka zauna hannu rabbana. Wanda ya dogara ga mai ba da aiki ɗaya ya ji jiki. Ga kuma zafin bazara da ƙurar hunturu, dukansu maƙiyan na'ura ne. Yaron da ya haɗa ilmin kwamfuta da na wutar hasken rana ya riƙe igiya biyu.

Sai takardu. Mai son manyan ma'aikatu su ba shi aiki dole ya yi rajistar sana'arsa, ya karɓi lambar haraji da ake kira NIF, ya riƙa biyan haraji. Ba a ba mutum aikin gwamnati da baki.

Abin da ɗan ƙauye ya fi ɗan birni

Kada a ce wannan sana'ar ƴaƴan manya ce kawai. Ɗan manomi yana da abin da ba a koyarwa a Dakar. Ya san tiya, ya san dami, ya san cewa da damina ba a kiran taro da hantsi. Yana jin Hausa, wataƙila da Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci ko Tubanci. Ya san cewa tsohuwar da ba ta karatu ta fi gane saƙon murya. Ya san yadda ake sa salula ta rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don kada Ɗanladi ya koma Danladi, ko ƙasa ta koma kasa. Ƙungiyar RECA ta manoman Nijar ta gane wannan: malamanta suna amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp cikin harsunan ƙasa.

Ƴan mata ma hanya a buɗe take. Aikin ba ya son ƙarfin damtse. Ƙungiyoyin mata masu asusu da masu tatsar man gyaɗa sun fi sakin jiki da mace ƴar uwarsu, kuma akwai gidajen da namiji ba ya shiga.

Maganar amana

Mai ba da shawara yana ganin cikin mutane. Yana ganin bashin kowa, da ribar ɗan kasuwa, da sunan mai ciwo. Jarinsa riƙon asiri ne. Zinder ba ta da girman da labari zai ɓace: ya yi surutu a Birni da safe, kafin la'asar an ji a Sabon Gari. Doka ma ta tsaya a kai. A 2017 an yi dokar kare bayanan mutane, a 2019 aka yi ta hukunta masu laifi ta hanyar na'ura, har da ɗauri.

Manoma da makiyaya su ma su buɗe ido, domin akwai ƴan damfara da ke ara wannan suna. Mutum ya zo da jaka da na'ura, ya ce shi konsiltan ne na wani shiri, a ba shi jika biyu biyu ya sa suna cikin masu samun taimako. Ko ya kira ta waya ya ce an ci kyauta, a faɗa masa lambar sirri. Mai aikin gaskiya ba ya tambayar lambar sirrin kuɗin mutum. Baƙon da ya zo rubuta sunaye, a kai shi wurin mai gari tukuna, a ga takardarsa, a kira ma'aikatar magajin gari a tambaya. Ƙungiyar da za ta ɗauki mai ba da shawara ta yi yarjejeniya a rubuce: ga aikin, ga kwanakin, ga kuɗin. A biya wani kashi da farko, sauran sai an ga abu yana aiki. A kuma tambaye shi ko yana da rabo a shagon da ya ce a je a sayi kaya.

Kafin a kai sa kasuwa

Uban da ɗansa ko ƴarsa ta zo da wannan magana, ga abin da zai yi. Ya je wurin mushen da ya koya wa yaron lissafi, ya ji gaskiya daga bakinsa. Ya sa yaron ya kawo sunan makarantar, da shekarun karatun, da kuɗin shekara duka a rubuce, har da na ɗaki da na abinci da na kwamfutar da zai riƙe, don ba a wannan karatu da aro. Ya tambaya ko yaron ya nemi burs, wato tallafin karatu na gwamnati. In da hali, ran Alhamis da ya shigo kasuwar Zinder, ya sa a kai shi wurin wani mai wannan sana'a, ya tambaye shi shekara nawa ya yi kafin ya fara ciyar da kansa.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko tamma. Ya miƙa wa yaron littafin ƙungiyar ƙauye, ko lissafin garken gida: nawa aka haifa bana, nawa suka mutu, nawa aka sayar, wace ce aka yi wa allura. Ya ba shi mako biyu ya tsara shi cikin salula, sannan ya zo ya yi wa dattawa bayani da Hausa a gindin bishiya, su yi masa tambayoyi.